Taku Goma Cikin Burtali

Duk Bahaushen da ya ji an ambaci Rumbu, abin da zai fara zo masa a rai shi ne rumbun hatsi, ma'ajiyar manomi. Amma ƙaramar hukumar da ke ɗauke da wannan suna, a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, tana zaune ne daidai inda ƙarfin noma ya fara ƙarewa. Kudu da ita gonakin hatsi da wake ne, gona na bin gona har iyakar Nijeriya. Arewa da ita kuwa kwarin Tarka ne, bayansa Bermo da dajin Gadabeji, ƙasar ciyawa da rijiyoyi masu zurfi, inda dukiyar mutum ke tafiya da ƙafa huɗu. Saboda wannan matsayi nata, sau biyu a shekara garkuna kan ratsa ta: da faɗuwar damina su nufi arewa, da kaka su juyo kudu. Hanyar da suke bi a tsakanin gonaki ita ce burtali.

Tafiyar burtali tafiya ce ta kwanaki. Daga Maraɗi zuwa Dakoro kaɗai kimanin kilomita 120 ne, balle garken da ya taso daga ƙasar Katsina ko Zamfara. Wasu kan tsaya a Tarka da kewayen Gadabeji su yi damina, wasu kuma su zarce har Ingal, inda makiyaya ke haɗuwa a watan Satumba domin dabbobi su lashi ƙasa mai gishiri su sha ruwanta. Ba a yin irin wannan tafiya da ka. Akwai garso, wanda ke wucewa gaba ya dubo inda ruwa ya sauka da inda ciyawa ta tsiro, ya san tabkin da ke riƙe ruwa da wanda ke ƙafewa da wuri, ya san garin da maigarinsa ke karɓar baƙo da wanda ake ratsawa ba a yada zango. Da sassafe jajayen shanu masu dogon ƙaho su ne a gaba, tumakin Udawa na biye, sai jakuna ɗauke da ƙoruka da tabarmi da ƴan yara ƙanana. Ana lissafin hanya ne da mashaya da wurin kwana. Idan aka rasa ɗaya daga cikinsu, tafiyar kwana ɗaya sai ta koma ta kwana biyu, ƙananan maruƙa kuma su ne ke fara biyan kuɗin.

A wani ƙauye na ƙasar Rumbu akwai dattijon da gonarsa ta yi iyaka da burtali ta gefen gabas. Mahaifinsa ne ya sari dajin, cikin shekarun ruwa da suka gabaci fari, lokacin da manoma suka yi ta kwararowa daga kudu suna neman sabuwar ƙasa. Tare da gonar ya gaji wata abota. Akwai gidan Fulani da ke sauka a gefen gonar kowace kaka tun zamanin iyayensu. Bayan an kwashe hatsi, hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, sai shanun su shiga su ci kara da karmami, su kwana a wurin su bar masa taki. Matan ruga su kawo nono su karɓi hatsi. Shanu uku da dattijon ya mallaka ma suna cikin wannan garke ne, amana a hannun abokinsa, suna tafiya arewa suna dawowa, shi kuwa sai dai ya ga ƙaruwarsu shekara shekara.

Matsalar ta taso ne daga cikin gida. Gonar da ta ciyar da mutum tara a da, yanzu bakuna fiye da ashirin ke jiranta, ƙasar kuma ta gaji, rairayi ya yi mata yawa. Babban ɗansa, wanda nauyin noman ke wuyansa, ya daɗe yana duban burtalin da ke kwance a gefensu, ƙasa mai duhu wadda kofato da kashin shanu suka yi shekaru suna gyarawa. Wata rana gab da shuka ya fito fili ya faɗa.

"Baba, taku goma kawai. Maƙwabtanmu na wancan gefe sun ci fiye da haka bara, ba wanda ya ce musu uffan. Shanun nan kwana nawa suke yi a nan? Mu ne ke kwana da yunwar."

Dattijon bai amsa ba, domin ya san maganar ba ta rashin hankali ba ce. Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960 mutanenta kimanin miliyan 3 ne. Ƙidayar 2012 ta samu sun haura miliyan 17. Ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Tun a watan Mayu na 1961 gwamnati ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, ta ware abin da ke bayan iyakar domin kiwo, kuma a ƙasar Dakoro kwarin Tarka ne ake ɗauka a matsayin bakin wannan iyaka. Amma gatari da hauya ba su tsaya inda takarda ta ce su tsaya ba. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobi, har makiyaya da yawa da suka rasa garkunansu suka zauna suka kama noma su ma. Gona ta hau makiyaya, ta kewaye tabki, ta matse burtali, kowa da nasa taku goman, kowa kuma da hujjarsa mai kama hankali.

Abin da ke biyo bayan matsewar burtali sananne ne. Garken shanu ɗari ba ya shiga hanyar da aka yi wa faɗin amalanke. Sai saniya ta miƙa wuya ta ci hatsin da ya fara ɗaukar ciki, manomi ya fito da sanda, yaro makiyayi ya zare tasa. Mutanen jihar Maraɗi ba sa bukatar a yi musu bayanin inda irin wannan ke kaiwa. A watan Oktoba na 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, ya ci rayukan mutane fiye da 100, akasarinsu mata da yaran Fulani. Dattijon yana da ƙarfinsa a lokacin, kuma yana tune da yadda a kakar wannan shekara abokinsa ya sauka nesa da gari, bai aiko da nono ba, sai da shi da kansa ya taka ya je ya gaishe shi.

Bayan Toda hukuma ta motsa. A watan Maris na 1993 aka kafa kundin dokokin karkara, wanda ya haifar da kwamitocin ƙasa, inda hakimai da masu gari da ma'aikata da wakilan manoma da na makiyaya ke zama tare. Daga ƙarshen shekarun 1990 wani shirin tallafa wa kiwo mai suna PASEL, da kuɗin ƙasar Suwizalan, ya shiga aikin shata burtalai a jihar Maraɗi: a zauna da mutanen garuruwan da hanya ta ratsa, a yarda da faɗinta, sannan a kakkafa ginshiƙan siminti a gefe da gefe. A watan Mayu na 2010 kuma aka fitar da dokar kiwo, wadda ta bayyana cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi da gwamnati ta amince da shi ta kuma lamunce masa. Duk wannan dattijon ya san shi gwargwado, ginshiƙi ɗaya ma yana tsaye a kusurwar gonarsa. Sai dai ya san ginshiƙi ba ya da ido. An sha ganin wanda ya wayi gari a tsakiyar gonar wake, hatsi ya yi masa rumfa.

Ana cikin wannan ja-in-ja ne saƙo ya zo daga inda ba a zata ba. Autan dattijon yana karatu a birnin Grenoble na ƙasar Faransa, a gindin tsaunukan Alps. Da hutun bazararsu ya bi wasu abokan karatunsa suka yi tafiyar ƙafa ta kwana goma a hanyar da ke kewaye dutsen Mont Blanc, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 4,800. Hanyar kusan kilomita 170 ce, tana ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, tana hawa mashigai masu tsayin mita 2,500 tana gangarawa kwaruruka. Ya aiko da hotuna ta WhatsApp a wayar yayansa: mutane a jere da jakunkuna a baya da sanduna a hannu, dusar ƙanƙara a kan duwatsu cikin watan Agusta, da gidajen kwana na dutse da katako waɗanda sai an kama wuri tun watanni kafin a zo.

Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya sa aka kira masa yaron.

"Kai auta, waɗannan mutane wa ya koro su?"

"Ba kowa, Baba. Don sha'awa suke yi, har biya suke yi."

"To ina dabbobinsu?"

Yaron ya yi dariya ya ce babu ko akuya. Dattijon ya girgiza kai, domin a saninsa mutum ba ya tafiyar kwana goma a ƙafa sai da dalili: ko kiwo, ko fatauci, ko neman ilimi, ko gudun yunwa. Amma da aka ci gaba da hira sai ya yi tambayar da ta fi damunsa, ya ce hanyar nan tana ratsa filayen mutane ko kuwa daji ne da ba mai shi. Yaron ya ce tana ratsawa, har ta cikin makiyayar shanu masu ƙararrawa a wuya, da shinge da ƴar ƙofa wadda matafiyi zai buɗe ya rufe bayansa.

"Kuma ba wanda ya shuka a kanta?"

"Ba wanda ya isa, Baba."

Abin da yaron ya gani yana da tushe. Yawancin hanyoyin da masu yawon sha'awa ke bi yau a tsaunukan Alps ba dominsu aka fara taka su ba. Makiyaya ne da fatake da masu ziyarar ibada suka fitar da su, shekaru aru-aru. A mashigin Saint Bernard Babba, tsakanin Suwizalan da Italiya, akwai masaukin matafiya da aka kafa tun ƙarni na 11, zango ne kamar kowane zango. Makiyayan can ma suna hawa da dabbobinsu sama idan ƙanƙara ta narke ciyawa ta fito, su sauko kafin sanyi, kamar yadda na nan ke bin ruwan sama arewa su dawo. Har yau, kowane watan Yuni, dubban tumaki na tashi daga kwarin Senales na Italiya su haura mashigai masu tsayin kusan mita 3,000 zuwa makiyayar kwarin Ötztal a Ostiriya, su dawo a watan Satumba. Haƙƙin wannan kiwo yana rubuce tun 1415, kuma iyakar ƙasa da aka shata tsakanin kwaruruka biyun bayan yaƙin duniya na farko ba ta soke shi ba. A 2019 hukumar UNESCO ta sanya irin wannan ƙaura ta makiyaya, ta Ostiriya da Italiya da Girka, cikin gadon al'adun ɗan Adam.

Ƙasar Suwizalan, wadda kuɗinta ya kafa ginshiƙan burtalan Maraɗi, ta kai maganar hanyoyin ƙafa har cikin kundin tsarin mulkinta ta hanyar ƙuri'ar jama'a a 1979, ta kuma yi musu doka a 1985. Dokar ta ɗora wa jihohi nauyin shata hanyoyin da gyara su da sa musu alama, ta kuma ce idan aka toshe wata hanya ko aka lalata ta, dole a samar da madadinta. Yau ƙasar na da kimanin kilomita 65,000 na hanyoyin ƙafa masu alama. Wannan sharaɗi na madadi shi ne abin lura ga mai karatu na ƙasar Dakoro, domin a nan idan gona ta cinye wani yanki na burtali, sauran hanyar duka ta zama banza. Igiyar da ta tsinke a wuri ɗaya ba ta jawo guga.

Sai dai labarin Alps yana da wani gefe da bai kamata a ɓoye ba. A wurare da yawa an daraja hanyar ne bayan masu ita sun bar ta. Tumakin da a da ke takawa daga filayen Arles, a kudancin Faransa, zuwa tsaunuka, yawancinsu yanzu a manyan motoci ake kai su. Hanyar tasu ce aka farfaɗo da ita a 2022 da sunan La Routo, kilomita kusan 540 har cikin Italiya, domin masu jaka a baya su bi sawun garkunan da suka daina wucewa. Burtalin Rumbu bai kai wannan hali ba. Shi har yanzu hanyar abinci ce: ta kansa nonon da ake dama fura da shi ke zuwa, da takin da ke raya gona, da dabbobin da ke cika kasuwar Sakabal da ta Dakoro kafin a loda su zuwa Nijeriya. Babu baƙon da zai biya kuɗin kwana domin a bar shi a buɗe. Abin da ke tsare shi kawai shi ne mutanen da ke zaune a gefensa su ga cewa amfaninsa ya fi na taku goman da za su ci.

Kuma hanyar tana ƙara wuya ta wasu fuskokin. Ɓarayin shanu da ƴan bindiga a dazuzzukan Zamfara da Katsina, da kudancin jihar Maraɗi wajen Madarumfa da Gidan Rumji, sun sa garkuna da dama sun canza hanya ko sun ƙi sauka kudu kamar da. Yarjejeniyar 1998 ta ƙungiyar ECOWAS, wadda ta tanadi takardar ƙetare iyaka da dabbobi, an yi ta ne lokacin da Nijar ke cikin ƙungiyar, ita kuwa ta fice a watan Janairu na 2025. Garken da ya kasa tafiya nesa yakan daɗe a kusa da gonaki, kuma daɗewar nan ce ke haifar da ɓarna. Duk ƙofar da aka rufe a kudu, nauyinta a kan wurare irin su Rumbu yake faɗowa.

Dattijon bai san dokar 1985 ba, bai kuma taɓa jin sunan Senales ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne mutanen da ba su da ko akuya sun hana a taɓa hanyarsu, shi kuwa mai shanu uku a cikin garken da ke bin burtali ana ba shi shawarar ya toshe ta. Daren da ruwan shuka ya sauka ya kira babban ɗansa zaure.

"Na ji maganarka, kuma ban ce ƙarya ka yi ba. Amma in mun ci goma, na wancan gefe sun riga sun ci goma sha biyar, me ya rage? Ran da shanu suka zo suka tarar ba hanya, ta cikin hatsinka za su bi, kuma a cikinsu har da namu. Wa za ka kai ƙara wurin maigari, saniyar ubanka?"

"To Baba, me za mu ci?"

"Abin da Allah ya ba mu a cikin iyakarmu. In bai kai ba, a sayar da bijimin."

Ɗan bai gamsu ba, kuma ba za a ce ba shi da gaskiyarsa ba. Sun yi shuka daidai kan tsohuwar iyaka, dattijon ya sa jikokinsa suka dasa aguwa a bakin gonar daga ginshiƙin siminti har ƙarshenta, yadda ko bayan ransa ba za a ce ba a san inda gona ta tsaya ba. Daminar ta zo da tsaiko a tsakiya, hatsin bai kai su ko watan bakwai ba. Aka sayar da bijimin a Sakabal, babban ɗan kuma ya tafi cin rani Agadas tun kafin sanyi ya fita, yana mai jin cewa taku goman nan da sun rage masa watannin ƙwadago a garin mutane. Maƙwabtan wancan gefe ba su ja da baya ba. Da kaka, da garken ya iso, ta gefen dattijon ya raɓa ya wuce, shanu suna gogar juna. Abokinsa Bafulatani ya tsaya ya dubi layin aguwar, ya dubi waken da ke tsakiyar hanya a ɗaya gefen, ya ce, "Malam, Allah ya bar zumunci." Bai ƙara komai a kai ba, da yamma kuma ƙwaryar nono ta iso gidan.

Ba daidai ba ne a bar irin wannan nauyi a wuyan mutum ɗaya. Manomin da ya bar burtali a buɗe yana yi wa ƙasa duka aiki ne da cikin ƴaƴansa, alhali wanda ya ci hanya yana cika rumbu ba tare da an tambaye shi ba. Kwamitocin ƙasa suna nan a rubuce tun daga gunduma har ƙauye, amma kwamitin da ba shi da abin hawa ko kuɗin mai ba ya zagaya burtali kafin shuka, kuma kafin shuka ne kaɗai ake iya hana cin hanya ba tare da an tuge wa mutum abincinsa ba. Hanya kuma ba ta cika da ginshiƙai kawai: sai da wurin kwana da mashayar da gona ba ta kewaye ba, sai kuma an taimaki na bakin burtali da abin da zai sa gonarsa ta ishe shi, ko iri mai saurin nuna, ko rijiyar lambu, ko bankin hatsi da zai kai shi ƙarshen bazara.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2026 domin makiyaya da filayen kiwo, ana kuma yin taruka da jawabai a manyan birane. Masu iya magana sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. A ƙasar Rumbu ana yanke hukuncin wannan hanya ne kowace shekara a daren ruwan shuka, a zaurukan gidajen da ke bakin burtali, tsakanin uba da ɗan da ke riƙe da sungumi.